Mayar da Ita Mu Gani

Takwara,

Jiya da la'asar, da abokanka suka yi maka fito daga waje, ka zabura ka nufi filin ƙwallo ka bar littafin lissafinka a buɗe a kan tabarmar zaure, iska tana ta kaɗa shafukansa. Na ɗauka da niyyar in ajiye maka a kan taga, amma ka san mai hali ba ya fasa halinsa. Tsohon malamin makaranta ba ya ganin littafin yaro ya wuce. Na ɗauko tabarau na duba. Rubutunka ya fi na ubanka kyau, wannan kam na ba ka. Sai dai cikin tambayoyi goma na aikin gida na ga uku da jan biro zai ci, kuma dukkan ukun, da ka ba kowace minti ɗaya, da kai da kanka ka kama ta. Na so in yi maka maganar da daddare, kakarka ta ce kada in takura wa angonta yana cin tuwo. Shi ya sa na zauna bayan sallar asuba na rubuta maka, ka karanta a natse.

Ga ta farko. An ba ka 4x − 6 = 2x + 10. Ka tattara masu x gefe guda, daidai ne. Da ka zo ƙetarar da 6 zuwa hannun dama sai ka manta ka juya alamarta, ka rubuta 2x = 4, ka ce x biyu ce, ka ja layi biyu a ƙarƙashi kamar mai sa hannu a takardar gona. To, bari mu kira 2 ɗin nan taka ta zo gabanmu. Duk inda x take a tambayar, a tashe ta a zaunar da 2. Hannun hagu: huɗu sau biyu takwas, a ɗebe shida, saura biyu. Hannun dama: biyu sau biyu huɗu, a ƙara goma, sha huɗu. Biyu a nan, sha huɗu a can. Ko makaho ya shafa ya san ba su zo ɗaya ba. Yanzu kira 8. Hagu: 32 a ɗebe 6, saura 26. Dama: 16 da 10, 26. Shi ke nan, magana ta ƙare, ba ka bukatar malami ya gaya maka ka ci.

Wannan ɗan aikin shi ne duk nasihar da nake so in yi maka yau: in ka samo amsa, mayar da ita cikin tambayar ka gani.

Dalilinsa yana cikin alamar nan mai layi biyu, wato =. Yara da yawa sun ɗauka ma'anarta ita ce "ga amsa nan tafe", saboda tun aji ɗaya haka suka saba ganinta. Wani malami ɗan Birtaniya, Robert Recorde, shi ya fara amfani da ita a 1557, kuma ya zaɓi layuka biyu masu tsawo ɗaya ne don su nuna cewa abin da ke wannan gefe da na wancan gefe ba wanda ya fi wani. Ka tuna ranar da muka je kasuwar Sabon Garin Zariya sayen ƙusar rufin ɗakinku? Mai shagon ya ɗora dutsen awo a faranti ɗaya, yana zuba ƙusa a ɗayan, yana ƙarawa yana ragewa har sandar sikelin ta tsaya cak. Abin da kuke kira ikweshan sikeli ne irin wannan. Tambayar tana cewa akwai wata lamba da in aka zuba ta sandar za ta tsaya. Duk ƙetarawa da rabawar da kake yi hanya ce ta neman lambar. Ko ka same ta ko ba ka same ta ba, sikelin ne zai faɗa.

A gaban alƙali, wanda ya yi da'awa shi ke kawo shaida. Amsar da ka rubuta a ƙasan aikinka da'awa ce, kai ne mai ita. Shaidunka biyu ne, hannun hagu da hannun dama, kuma alƙali mai hankali ba ya bari shaidu su ji maganar juna. Saboda haka ka lissafa hagu shi kaɗai har ya zama lamba ɗaya, ka lissafa dama shi kaɗai, sannan ka kwatanta. Kada ka riƙa ƙetarar da abubuwa daga wannan gefe zuwa wancan lokacin gwaji, don hannun da ya yi kuskuren farko shi zai maimaita shi. Kuma in lambar da za ka zaunar mai mainos ce, sa ta cikin baka tukuna. Rabin ɓarnar da na gani a shekarun da na yi ina duba takardun yara daga wannan ƙaramar alamar ta fito.

Ta biyu ta fi ba ni dariya, don a nan ka yi ƙoƙarin gwadawa, na ga ɗan rubutun a gefe. An ba ka 2(x + 3) = 16. Da ka buɗe bakan, 2 ta ninka x amma ka hana ta isa ga 3, ka rubuta 2x + 3 = 16, ka samo shida da rabi. Sai ka mayar da shida da rabi cikin wannan layi na biyu: 13 da 3, 16, ka yi murna ka wuce. Ai dole ta yi daidai, tunda daga layin aka haife ta. Wanda ya auna masara da lotsattsen mudu, ko sau goma ya sake aunawa da shi, abu ɗaya zai samu, kuma matar da ya sayar wa za ta gane a gida. Gwajin gaskiya a asalin tambayar ake yinsa, yadda malami ya rubuta ta a allo, kafin hannunka ya taɓa ta. Shida da rabi da uku, tara da rabi. A ninka biyu, 19. Ina 19 ina 16? Kira 5: biyar da uku takwas, sau biyu 16.

Kada ka ga kamar ina yi maka gori. Ni ma a gaban yara na koyi wannan darasi, kuma da kunya na saye shi.

Na fara koyarwa a 1978, shekara biyu bayan an buɗe shirin UPE, lokacin da ake ɗibar yara ana cika azuzuwa, malamai kuwa ba su isa ba. Kudan ma ba ta zama ƙaramar hukuma ba a lokacin, sai a 1996, aka kuma sa hedikwatarta nan Hunkuyi. Bayan an kawo tsarin 6-3-3-4 aka mayar da ni wata ƙaramar sakandare, ba zan faɗi wacce ba. Wata Alhamis na tara littattafan aikin gida sun fi sittin, ga zafi, ga gajiya. Maimakon in warware tambayoyin da kaina, sai na buɗe bayan littafin karatu inda ake jera amsoshi, ina dubawa ina bi da jan biro. Akwai wata tambaya da har yau ban manta ba: (x − 2)/3 + (x + 1)/2 = 4. Bayan littafin ya ce x uku ce. Yara wajen ashirin sun rubuta 3, na ba su maki. Wani yaro siriri, ɗan manomin rake da ke takowa a ƙafa daga wani ƙauye kullum, ya rubuta 5. Na soke, kuma da yake ranar na yi alkawarin bulala ga duk wanda ya faɗi wannan tambaya, ya sha biyu a tafin hannu tare da sauran.

Bai yi kuka ba. Da na juya zan koma kan tebur sai na ji muryarsa a hankali: "Malam, don Allah a mayar da ita mu gani."

Ajin ya yi tsit. Ni na koya musu wannan kalma da bakina, mako biyu kafin nan. Na ɗauki alli da niyyar in kunyata shi. Na zaunar da 3: ɗaya bisa uku, a ƙara biyu, biyu da sulusi. Ba 4 ba. Gumi ya fara tsattsafo mini. Na zaunar da 5 ɗinsa: uku a raba uku, ɗaya; shida a raba biyu, uku; ɗaya da uku, huɗu. Maɗaba'a ce ta yi kuskure, yaran nan ashirin daga bayan littafi suka kwafa kamar yadda ni ma na yi, kuma mutum ɗaya tak da ya yi aikin da guminsa shi na daka. Na tsaya a gaban ajin na ba shi haƙuri. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma gaskiya ne a sha'anin zaman duniya. A gaban sikeli kuwa ba babba ba yaro. Tun daga ranar ban ƙara duba aikin yaro da amsar da ban gwada da hannuna ba, ban kuma ƙara ɗaga bulala a kan lissafi ba.

To, mu zo ta uku, wadda kuke kira inikwaliti, ni kuwa nake ce mata lissafin rinjaye, don a nan ba a neman sandar sikeli ta tsaya, ana tambaya ne wane gefe ya rinjaya. Da gwiwar hannu muke koya wa yara alamominta, dama ta fi, hagu ba ta kai ba. An ba ka 20 − 3x > 5. Bari in sa mata riga irin ta gida. Baffanka yana da fetur lita 20 a jarka, injin ban ruwa a fadama yana shan lita 3 kullum, shi kuma yana so abin da zai rage ya haura lita 5 saboda babur. Kwana nawa zai iya ba tumatir ruwa? Ka ɗebe 20 daga kowane gefe ka samu −3x > −15, daidai. Da ka raba da −3 ba ka juya alamar ba, ka ce x > 5. Wato a lissafinka, gwargwadon yadda injin ya daɗe yana aiki, gwargwadon yadda fetur ke ƙaruwa a jarka. Da haka ne da baffanka ya riga kowa zuwa Makka a garin nan. Gwada 6: 20 a ɗebe 18, saura 2, kuma 2 ba ta fi 5 ba. Gwada 4: saura 8, ta fi. Amsar ita ce x < 5.

Bambancin wannan da ikweshan shi ne amsarta fili ce guda, kamar gona, ba lamba ɗaya ba. Don haka gwaji ɗaya ba ya wadatarwa. Da ka rubuta x < 3 bisa kuskure, ka gwada 2, za ta wuce lafiya, alhali ka yanke wa gonar wani yanki, tunda 4 ma tana ciki. Gwaji uku ake yi: ɗauki lamba daga cikin gonar, dole ta wuce, ɗauki wata daga waje, dole ta faɗi, sannan ka tsaya a kan iyakar kanta. A nan iyakar 5 ce: 20 a ɗebe 15, saura 5 cif. Shin 5 ta haura 5? A'a. Ashe kwana na biyar ba ya ciki. Da baffanka cewa ya yi "aƙalla lita 5", da an sa ɗan layi a ƙarƙashin alamar, da 5 ta shiga. Ka tambayi mai unguwa, zai gaya maka bai taɓa raba rigimar gona a tsakiyar gona ba, kullum a kan iyaka take, inda aka dasa gamba.

Kalmomin nan, "aƙalla", "bai wuce", "ya haura", "bai kai", ka riƙa jin su da kunnen lissafi, don hukunci na rataye a kansu. Ka karanta babin zakka a Risala wajen malamin zaure. Mai tumaki da awaki 39 ba a bin sa komai. Ranar da suka cika 40, shekara ta zagayo, akuya ɗaya ta wajaba. Daga 40 har 120 ɗaya ce. 121 ta mayar da ita biyu. Shanu sai sun kai 30. Wasiyya kuma ba ta wuce sulusin dukiya, sulusin cif ya halatta, abin da ya ɗara sai magada sun yarda. Duk Bafulatanin da ya tsaya bakin garke yana ƙirga yana tambayar kansa ko ya kai nisabi, lambarsa yake zaunarwa a cikin sharaɗi ya ga ko ta wuce, ko da bai taɓa ganin x ba.

Akwai shekarar da wannan irin gwaji ya tsayar da Nijeriya gaba ɗaya. A zaɓen shugaban ƙasa na 11 ga Agusta 1979, doka ta ce wanda zai ci sai ya fi kowa ƙuri'a, kuma ya samu aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a aƙalla kashi biyu bisa uku na jihohi. Jihohi 19 ne a lokacin. Alhaji Shehu Shagari na NPN ya fi kowa ƙuri'a, ya kuma cika rubu'in a jihohi 12. Ta sha uku ita ce Kano, inda Malam Aminu Kano na PRP ya yi rinjaye, Shagari ya samu kashi 19.94 cikin ɗari. To, nawa ne biyu bisa uku na 19? Sha biyu da biyu bisa uku. Cif Obafemi Awolowo na UPN ya ce jiha ba ta gutsuruwa, saboda haka 13 ake nufi, kuma 12 ba ta kai ba. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce a ɗauki biyu bisa uku na ƙuri'un Kano a nemi rubu'insu, wanda ya kama kashi 16 da 'yan kai cikin ɗari, kuma 19.94 ta haura wannan. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 26 ga Satumba, mafi yawan alƙalan suka tabbatar da Shagari, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa musu, aka rantsar da shi 1 ga Oktoba. Muna zaune gindin rediyo a ɗakin malamai muna ta gardama da alli a hannu. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, ba wanda ya yi jayayya a kan lambar, 19.94 tana nan yadda take. Jayayyar a kan ma'anar sharaɗin ce. Don haka kafin ka zaunar da amsa, ka tabbata ka karanta abin da tambaya ta ce, kalma bayan kalma. Yau da jihohi suke 36, biyu bisa uku 24 ce cif.

Yanzu ga abin da za ka haɗu da shi a ajin gaba, gara ka ji shi tun yau. Wani lokaci ba ka yi kuskure ko ɗaya ba, amma amsar ƙarya ta shigo. Ɗauki √(x + 2) = x. Don ka rabu da alamar saiwar, sai ka ninka kowane gefe da kansa, ka samu x + 2 = x², ka warware, amsoshi biyu su fito: 2 da −1. Kowane mataki daidai. Mayar da 2: biyu da biyu huɗu, saiwar huɗu biyu, dama ma biyu. Ta wuce. Mayar da −1: a ƙara biyu ya zama ɗaya, saiwar ɗaya ɗaya ce, dama kuwa −1. Ta faɗi. Daga ina ta fito? Lokacin da ka ninka kowane gefe da kansa, 1 da −1 duk sun koma 1, bambancinsu ya ɓace, baƙuwa ta haura katanga ta zauna cikin 'yan gida. Ba yadda za a yi ka gane ta sai ka mayar da kowa asalin tambaya. Haka ma in x tana ƙasan layin rabawa, duba kada amsarka ta mayar da ƙasan sifili, don ba a raba abu gida sifili.

Akwai kuma amsar da takarda ta karɓa amma ƙasa ta ƙi. An ce garkar albasa tsawonta ya fi faɗinta da mita 3, faɗin filinta duka murabba'in mita 40. Ka rubuta x(x + 3) = 40, ka samu 5 da −8. Gwada −8: a ƙara uku, −5, −8 sau −5, 40. Ta wuce sikeli sarai. Amma je fadamar Likoro ka nemo mini garka mai faɗin mita −8. Saboda haka in tambaya ta zo da labari, gwaji biyu ne a kanka, na lamba da na hankali. Ba a hayar mota biyu da rabi, ba a kuma samun ɗa da ya girmi ubansa.

Kada wani ya ce maka wannan karatun Bature ne. Kalmar aljabara kanta daga sunan littafin Muhammadu ɗan Musa Alkhawarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, zamanin Halifa Ma'amun. Ba x a cikinsa, da zance ya rubuta komai, abin da ba a sani ba yana kiransa "abu". Shahararren misalinsa, in aka rubuta shi da alamominku, shi ne x² + 10x = 39, amsarsa 3, kuma kai ma za ka iya gwada shi yanzu: 9 da 30. Babban kaso na littafin a kan gado da wasiyya yake, don ya san inda mutane ke bukatar lissafi ya fita daidai.

Malaman rabon gado kuwa har yau ba sa tashi daga zama sai sun tara rabon kowa sun ga ya koma daidai da abin da mamaci ya bari. Irin wannan tarawar ce ta fito da mas'alar da ake kira aulu tun zamanin Sayyidina Umar. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, su kuma biyu bisa uku. A ce ta bar naira 420,000: rabi 210,000, biyu bisa uku 280,000, jimla 490,000. Rabon ya fi dukiyar. Sai aka ce a raba gida bakwai maimakon shida, kowa ya ɗan ragu gwargwadon rabonsa: miji 180,000, 'yan'uwa 240,000. Tara ka gani. Da ba a tara ba, da wanda ya zo ƙarshe shi zai tarar da ƙwarya ta yi ƙasa, zumunci ya lalace.

Mu ma nan ƙasar Hausa muna da namu. Malam Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a 1732 a kan hanyoyin gina hatimi mai gidaje mara, irin su uku-uku da biyar-biyar. Ɗauki ƙaramin cikinsu, mai gida tara, da lambobi daga 1 zuwa 9. Kowane layi dole ya ba da 15: uku a kwance, uku a tsaye, biyu a karkace. Layi takwas ke nan. Bakwai su yi daidai ɗaya ya kuskure, hatimin bai ginu ba. Haka in an ba ka ikweshan biyu a haɗe, masu x da y, amsarka sai ta gamsar da dukkansu, kada ka gwada a ɗaya ka ce ɗayar ma Allah ya sa.

Na san abin da za ka ce: lokaci. A takardar zaɓi ta WAEC tambaya 50 ce cikin awa ɗaya da rabi, ina mutum zai samu sararin gwaji? Takwara, sauri ya haifi nawa. Gwajin ikweshan irin naku ba ya cin rabin minti in hannu ya saba, kuma hannu ba ya sabawa a ɗakin jarrabawa, ba a fafe gora ranar tafiya. A aikin gida ake koyonsa, yau da gobe. Har ma yana cetonka: in ka kafe a wata tambaya, amsoshi huɗu ne a gabanka, ɗaya daga ciki ce gaskiya, zaunar da su ɗaya bayan ɗaya ka ga wadda ta tsayar da sikeli. Wannan ba sata ba ce, lissafi ne halal. Sai dai kada ka mayar da shi sandar dogarawa, don a takarda ta biyu hanyar da ka bi ake ba maki, kuma wanda bai iya warwarewa ba ba shi da abin gwadawa.

Ku kuma kuna da abin da mu ba mu da shi. Ana ɗaukar hoton tambaya da waya ta fito da amsa, ana kuma turo wasu amsoshi ta WhatsApp daren jarrabawa, a ce daga sama suka fito. Na biyun nan ka nisance shi, haramun ne kuma yana jawo a riƙe sakamakon mutum. Na farkon ban hana ka ba in don koyo ne, amma ka ɗauke shi kamar bayan littafin nan nawa. Yana iya yin daidai sau ɗari, ranar da ya kuskure ba zai gaya maka ba. Amsa ko daga wa ta fito, daga waya, daga abokinka mai ƙoƙari, daga malaminku, ka karɓa da ladabi, sannan ka koma gefe ka zaunar da ita. In ta faɗi, ka je wurin malamin bayan an tashi, kai kaɗai, ka nuna masa aikinka da murya ƙasa-ƙasa yadda yaron nan ya yi mini. Malamin kirki zai gode maka, ko da ba a ranar ba.

Littafinka yana kan taga, ban sa masa jan biro ba. Tambayoyin nan uku ka sake su da hannunka, ka rubuta gwajin kowace a gefe, hagu daban dama daban. Sauran bakwai ɗin ban gaya maka sun yi daidai ba, cewa na yi uku na gani, kuma idona ba kamar da ba. Lissafin da ke cikin wasiƙar nan ma ka bi shi ɗaya bayan ɗaya, tun daga 26 ɗin farko har rabon gadon. In ka kama ni da kuskure ko ɗaya, ranar Laraba in an dawo daga kasuwar Makarfi kana da mazarƙwaila guda, kai kaɗai, ko amaryarka ba za ta gutsura ba.

Allah ya yi maka albarka, ya buɗa maka ƙirji.

Kakanka,
Hunkuyi